Amfani da Ɓarɓashin Maganaɗisu Wajen Tsara Ƙwayoyin Halitta a Ginannen Naman Zuciya

1.0 Gabatarwa

A cikin shekarar 2009 wasu masana na Cibiyar Karolinska da ke birnin Stockholm a ƙasar Suwidin, a ƙarƙashin jagorancin Jonas Frisén, suka ba da amsar wata tambaya da ta daɗe tana ci wa likitoci tuwo a ƙwarya, watau ko zuciyar ɗan Adam tana sabunta namanta kamar yadda fata da jini suke yi. Hanyar da suka bi abar mamaki ce. Gwaje-gwajen bama-baman nukiliya da manyan ƙasashe suka yi ta yi a sararin sama daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1963 sun ƙara yawan wani sinadari mai suna kabon-14 a cikin iska, daga nan ya shiga tsirrai, ya shiga abinci, ya kuma zauna a cikin kowace ƙwayar halitta da jiki ya samar a wannan lokaci. Da yake an san yawan sinadarin a iskar kowace shekara, sai ya zama kowace ƙwaya tana ɗauke da shaidar shekarar haihuwarta. Da suka auna, sai suka tarar mai shekara 25 yakan sabunta kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin tsokar zuciyarsa a shekara, mai shekara 75 kuwa bai kai rabin haka ba. Ke nan fiye da rabin ƙwayoyin da tsoho yake mutuwa da su, da su aka haife shi.

Wannan sakamako ya bayyana dalilin da ya sa ciwon zuciya yake da wuyar magani. Idan jijiyar da ke kai wa tsokar zuciya jini ta toshe, a cikin 'yan sa'o'i ana iya asarar ƙwayoyi har kimanin miliyan dubu ɗaya, daga cikin wajen miliyan dubu uku da zuciyar baligi take da su. Jiki ba ya mayar da su. Tabo yake yi a gurbinsu, shi kuwa tabo ba ya tsukewa balle ya tura jini. Ragowar tsokar sai ta ɗauki aikin da ya fi ƙarfinta, a hankali zuciyar ta buɗe ta saki, har a kai ga abin da likitoci suke kira gazawar zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019. Tun da Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Asibitin Groote Schuur na Cape Town ranar 3 ga Disamba, 1967, aka san ana iya sauya wa mutum zuciya, amma masu jira sun fi zukatan da ake samu yawa nesa ba kusa ba.

Saboda haka ne masana suka juya ga wata dabara, watau gina naman zuciya a ɗakin gwaje-gwaje don a yi wa wurin da ya mutu faci. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata babbar matsala da ke cikin wannan aiki, watau yadda za a jera ƙwayoyin su fuskanci inda ya kamata, da kuma yadda ake ƙoƙarin warware ta da ɓarɓashin ƙarfe da maganaɗisu.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a yi nisa, yana da kyau a daidaita ma'anar kalmomin da za su yi ta maimaituwa. Ƙwayar halitta ita ce ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jikin duk wani mai rai da shi, a nan kuma duk inda aka ce “ƙwaya” ita ake nufi. Ginannen nama shi ne naman da aka haɗa a ɗakin gwaje-gwaje daga rayayyun ƙwayoyi. Tsaiko kalma ce da aka aro daga ginin ɗakin ciyawa, ana nufin abin da ake tanada don ƙwayoyi su kama shi su yaɗu a kansa, kamar yadda ake baibaye tsaiko da ciyawa. Fagen maganaɗisu shi ne sararin da ke kewaye da mayen ƙarfe inda ƙarfinsa yake aiki, ana kuma auna shi da ma'aunin tesla.

Game da awon tsawo, idan aka raba milimita ɗaya gida dubu, kowane gida shi ne maikuromita, idan kuma aka sake raba maikuromita gida dubu, kowane gida shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum kimanin nanomita 80,000 ne. Abin da ake kira ɓarɓashin maganaɗisu a wannan maƙala ƙananan gutsattsarin tama ne masu faɗin kimanin nanomita 10 zuwa 20. Sai an jera guda 8,000 masu nanomita 10 kafin su ƙetare kaurin gashi ɗaya.

3.0 Yadda Aka Saƙa Naman Zuciya

Ƙwayar tsokar zuciya doguwa ce, kamar guntun kara, tsawonta kimanin maikuromita 100, kaurinta kimanin 20. A cikinta akwai zaruruwa masu tsukewa waɗanda aka jera bisa tsawonta, saboda haka ta fuska ɗaya kawai take iya ja. Ƙwayoyin suna haɗuwa baki da baki, a wurin haɗuwar kuma akwai 'yan ƙofofi da wani furotin mai suna konekzin-43 yake ginawa, ta nan saƙon lantarki yake tsallakawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Wannan ya sa saƙon ya fi gudu bisa tsawon zaren, kimanin rabin mita a daƙiƙa, fiye da yadda yake ƙetare shi a gicciye, inda gudunsa yake kusan sulusin haka.

Su kuma zaruruwan ba a miƙe suke duka ta fuska ɗaya ba. Tun a 1669 likitan Ingila Richard Lower ya lura cewa a murɗe suke kamar tufkar igiya. A 1969 Daniel Streeter da abokan aikinsa suka auna karkatarsu a bangon ɗakin hagu na zuciyar kare, suka ga tana sauyawa sannu a hankali daga kimanin digiri 60 ta wannan gefe a fatar ciki, ta daidaita a tsakiya, ta koma kimanin digiri 60 ta ɗaya gefen a fatar waje. Don haka idan zuciya ta buga, murɗawa take yi kamar yadda mai wanki yake matse zane.

Ɗan lissafi zai nuna muhimmancin wannan. Kowace ƙwaya takan rage tsawonta da kimanin kashi 15 cikin 100 idan ta tsuke. Da a ce zaruruwan zobe-zobe ne kawai kewaye da ramin zuciya, faɗin ramin zai koma kashi 85 cikin 100, girman bakinsa kuma ya koma 0.85 sau 0.85, watau kimanin kashi 72 cikin 100. Jinin da zai fita ke nan bai wuce kashi 28 cikin 100 ba. Amma lafiyayyar zuciya tana fitar da wajen kashi 60 cikin 100 a kowace bugawa. Edward Sallin ya nuna da lissafi a 1969 cewa karkatar zaruruwan ce take cike wannan giɓi, a 2022 kuma ƙungiyar Kit Parker ta Jami'ar Harvard ta gina ɗakunan zuciya na gwaji iri biyu, mai zobe da mai murɗe, ta tabbatar cewa mai murɗen ya fi tura ruwa. Akwai ma wata cutar gado ta kaurin bangon zuciya, wadda Donald Teare ya bayyana a Landan a 1958, da alamarta a ƙarƙashin madubin likita ita ce hargitsewar jerin ƙwayoyi, tana kuma cikin sanadin mutuwar fuju'a ga matasa. A taƙaice, yawan ƙwayoyi kaɗai bai isa ya yi zuciya ba, sai an haɗa da tsari.

4.0 Gina Naman Zuciya da Matsalar Tsari

A 1997 Thomas Eschenhagen na Hamburg a Jamus ya cuɗa ƙwayoyin zuciyar ɗan tsakon da ke cikin ƙwai da kolajin, watau furotin ɗin da yake riƙe naman jiki, ya sami ɗan guntun nama mai bugawa da kansa. Abin da ya rage shi ne inda za a samo ƙwayoyin mutum. Wannan ƙofa Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya buɗe ta, lokacin da ya mayar da ƙwayoyin fata zuwa ƙwayoyin tushe masu iya zama kowane irin nama, a ɓera a 2006, a mutum kuma a 2007, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2012. Ta wannan hanya ana iya ɗaukar ɗan jini ko fata a mayar da su ƙwayoyin zuciya miliyoyi. A watan Janairu na 2020 Yoshiki Sawa na Jami'ar Osaka ya liƙa wa wani majiyyaci faifan irin waɗannan ƙwayoyi, a 2021 kuma aka fara gwajin facin zuciya a kan majiyyata a Göttingen ta Jamus, ƙarƙashin Wolfram-Hubertus Zimmermann, wanda aka buga rahotonsa na farko a Janairun 2025.

Sai dai ƙwayoyin da ake samu ta wannan hanya jarirai ne. Gajeru ne, kusan zagayayyu, zaruruwan cikinsu a warwatse, idan kuma aka zuba su a faranti kowace takan fuskanci inda ta ga dama. Naman da ya fito daga gare su yana bugawa, amma kamar taron mutane ne da aka ba su igiya kowa yana ja ta nasa gefe. Illar ba ta tsaya ga rashin ƙarfi ba. A 2014 ƙungiyar Charles Murry ta Jami'ar Washington da ke Seattle ta yi wa birai allurar ƙwayoyin zuciyar mutum, ƙwayoyin suka kama suka rayu, amma biran suka yi fama da rikicewar bugun zuciya. Rashin balagar ƙwayoyin na cikin abubuwan da ake dangantawa da wannan.

An gwada dabaru da dama don jera ƙwayoyin. Akwai sassaƙa 'yan kwaruruka a kan farantin da ake renonsu, akwai shimfiɗa musu siraran zaruruwan roba, akwai ɗaure naman tsakanin turaku biyu ana ja ana saki, akwai kuma zaburar da shi da lantarki. Duk sun yi amfani, amma kowace da iyakarta. Kwari da zare sun fi tasiri a kan ƙwayoyin da suke taɓa su kai tsaye, ja da saki kuwa fuska ɗaya yake bayarwa, ba ya iya kawo karkatar nan mai sauyawa hawa-hawa. Abin da ake bukata shi ne hannun da zai shiga cikin naman ya gyara jeri ba tare da ya taɓa shi ba. Maganaɗisu yana da wannan siffa, domin ƙarfinsa yana ratsa gilashi da ruwa da nama.

5.0 Ɓarɓashin Maganaɗisu da Halayensa

Duk malamin da ya taɓa barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda ya sa mayen ƙarfe a ƙarƙashinta ya ga yadda garin yake jeruwa layi-layi. Wannan ita ce dabarar, sai dai an ƙanƙantar da garin ƙwarai. Akasari ana yin ɓarɓashin da maganatayit, wani nau'in tama baƙi da ya ƙunshi ƙarfe da oksijin, ta hanyar haɗa ruwan gishirin ƙarfe iri biyu da sinadari mai kaifin toka, kamar yadda René Massart na Faransa ya bayyana a 1981. Daga nan a lulluɓe kowane gutsure da riga ta sukari mai suna dekstiran, ko ta kitse, ko makamancinsu, don kada su dunƙule, don kuma ƙwayoyi su karɓe su.

Ƙanƙantar tana da dalili. Idan gutsuren maganatayit ya gaza kimanin nanomita 20, zafin da ke jikinsa kaɗai ya isa ya yi ta jujjuya fuskar maganaɗisunsa, saboda haka idan babu mayen ƙarfe a kusa, ba ya jan komai, ba ya kuma manne wa 'yan'uwansa. Da zarar ya shiga fagen maganaɗisu sai ya amsa da ƙarfi, da zarar an janye fagen sai ya koma kamar bai taɓa sani ba. Louis Néel na Faransa ne ya shimfiɗa ƙa'idar wannan hali a 1949. Amfaninsa a jiki a fili yake: ana iya kunna shi a kashe, ba kuma ya taruwa ya toshe jijiya bayan an gama aiki.

Wajibi ne a bambance abubuwa biyu da fagen maganaɗisu yake yi. Idan fagen bai ɗaya ne, watau ƙarfinsa daidai yake ko'ina, ba ya jan ɓarɓashi zuwa wani wuri, juya shi yake yi kamar allurar kamfas, ya kuma sa gutsattsarin su kama juna su yi sarƙa bisa layin fagen. Idan kuwa fagen yana da gangare, watau ya fi ƙarfi a wani wuri, to ɓarɓashin zai tafi inda ƙarfin ya fi yawa. Na farko yana ba da fuska, na biyu yana ba da wuri. Halitta ma ta riga mu: a 1975 Richard Blakemore ya bayyana wasu bakteriya na cikin laka masu ɗauke da sarƙar maganatayit a jikinsu, wadda take juya su bisa fagen duniya, duk da cewa fagen duniya bai wuce kashi 25 zuwa 65 cikin miliyan na tesla ba. Don kwatanci, mayen ƙarfen da ake mannawa a firiji yana da kimanin kashi 5 cikin dubu na tesla, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da likitoci suke kira MRI kuwa tana aiki da tesla 1.5 ko 3.

6.0 Hanyoyin da Ake Bi

6.1 Jan Ƙwayoyin da Kansu

Hanya ta farko ita ce a ɗora wa ƙwayar ɓarɓashin, ko ta haɗiye shi ko a liƙa shi a fatarta, sa'an nan a ja ta. A 2004 Akira Ito da Hiroyuki Honda da abokan aikinsu a Jami'ar Nagoya ta Jafan suka naɗe ɓarɓashi a cikin 'yan ƙunshin kitse da ƙwayoyi suke haɗiya, suka zuba ƙwayoyin a farantin da ba ya kama su, suka sa mayen ƙarfe a ƙarƙashi. Ƙwayoyin suka taru hawa-hawa suka manne da juna, da aka janye mayen sai faifan ya ɗago ba tare da an kankare shi ba. A 2007 suka yi haka da ƙwayoyin zuciyar jariran ɓera, suka nuna cewa hawa-hawan sun haɗu ta fuskar lantarki. A 2010 aka yi amfani da dabarar a Jami'ar Kyushu aka tara ƙwayoyin kewaye da wani ɗan turke, aka sami zoben nama mai tsukewa. A 2020 kuma ƙungiyar Molly Stevens ta Kwalejin Imperial da ke Landan ta ɗora wa ƙwayoyin zuciyar mutum ɓarɓashi, ta zuba su a kwaɓin kolajin, ta yi amfani da mayun ƙarfe masu siffofi dabam-dabam wajen zana inda za su taru kafin kwaɓin ya sandare. Naman ya ci gaba da bugawa, an kuma liƙa shi a kan zuciyar ɓera.

6.2 Jera Tsaiko

Hanya ta biyu ita ce a bar ƙwayar, a jera abin da take kamawa. Ƙwaya tana da ɗabi'ar miƙewa bisa duk zaren da ta samu, kamar yadda wake yake bin karan dawa. Tun a farkon shekarun 1980 Jim Torbet da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa zaruruwan fibirin da na kolajin suna jeruwa idan suka sandare a cikin fagen maganaɗisu, amma sai da fage mai tesla da yawa, wanda ba kowane ɗakin gwaji yake da shi ba. Idan aka cuɗa ɓarɓashi a cikin kwaɓin, ƙaramin mayen ƙarfe ya wadatar, domin sarƙoƙin ɓarɓashin suna miƙewa su ba da layin da za a bi, kwaɓin kuma ya sandare ya riƙe su a haka. A 2017 ƙungiyar Laura De Laporte ta Aachen a Jamus ta ƙera 'yan sanduna masu taushi da aka sa wa ɓarɓashi kaɗan, waɗanda ake iya yin allurarsu a ruwa, su juya su fuskanci waje ɗaya a cikin fage mai rauni. Da ƙwayoyin jijiyar laka suka gwada, amma ƙa'idar ɗaya ce ga tsoka. Fa'idar wannan hanya ga zuciya ita ce ana iya zuba kwaɓin hawa-hawa, a juya mayen ƙarfe kaɗan kafin kowane hawa ya sandare, ta yadda za a kwaikwayi karkatar da Streeter ya auna.

6.3 Motsa Naman

Tsoka ba ta balaga sai da aiki. Idan aka riƙa kunna fagen ana kashewa, ko ana jujjuya shi, ɓarɓashin yakan ja ƙwayoyin ya saki, tamkar motsa jiki daga nesa. A 2014 ƙungiyar Smadar Cohen ta Jami'ar Ben-Gurion a Isra'ila ta rena ƙwayoyin zuciyar ɓera a cikin soson aljinet, wanda ake samu daga ciyawar teku, da aka cuɗa da maganatayit, ta ga cewa fage mai sauyawa ya kyautata tsarin zaruruwan cikinsu. A 2017 ƙungiyar Claire Wilhelm ta Faris ta dunƙule ƙwayoyin tushe na ɓera masu ɗauke da ɓarɓashi tsakanin mayun ƙarfe biyu ƙanana, ta yi ta ja da saki, sai ƙwayoyin suka karkata zuwa hanyar zama ƙwayoyin zuciya.

6.4 Riƙewa da Bin Sawu

Galibin ƙwayoyin da ake yi wa zuciya allurarsu jini yakan kwashe su cikin ɗan lokaci. A 2010 Ke Cheng da Eduardo Marbán a Los Angeles suka nuna cewa ɗora mayen ƙarfe a kan zuciyar ɓera lokacin allurar ya ninka yawan ƙwayoyin da suka zauna kusan sau uku. Haka kuma ɓarɓashin yana bayyana baƙi a hoton MRI, don haka ana iya ganin inda facin yake ba tare da an buɗe ƙirji ba.

7.0 Matsalolin da Suka Rage

Matsala ta farko ita ce ƙarfen kansa. Jikin baligi yana ɗauke da giram 3 zuwa 4 na ƙarfe, ya kuma san yadda zai narkar da ɓarɓashin ya adana ƙarfen a wani furotin mai suna feritin. Har ma a 2009 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da wani maganin ƙarancin jini da aka yi da irin wannan ɓarɓashi. Amma ƙarfen da ya yi yawa a cikin ƙwaya yana haifar da sinadarai masu ƙona ta, zuciya kuwa tana cikin gaɓoɓin da wannan ya fi yi wa illa, kamar yadda ake gani ga masu cutar talasimiya da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai. Mai bincike yana tsakanin abu biyu: ɓarɓashi kaɗan ba ya jan ƙwaya, mai yawa kuma yana cutar da ita.

Ta biyu ita ce nisa. Ƙarfin jan mayen ƙarfe yana raguwa da sauri ƙwarai idan aka matsa daga gare shi. Abin da ya yi aiki a faranti mai kaurin milimita kaɗan, ko a ƙirjin ɓera, ba lalle ne ya isa zuciyar mutum da ke can bayan haƙarƙari ba. Ta uku ita ce abinci. Ƙwaya ba ta rayuwa idan ta yi nisan fiye da maikuromita 100 zuwa 200 daga jijiyar jini, alhali bangon ɗakin hagu na zuciya ya kai kimanin santimita ɗaya. Maganaɗisu yana iya tara ƙwayoyi da yawa wuri ɗaya, amma cunkoson da ba shi da jijiyoyi tsakiyarsa mutuwa take yi.

Ta huɗu ita ce bambanci tsakanin tara ƙwayoyi a layi da miƙar da kowace ƙwaya bisa layin. Jan ƙwaya zuwa wuri bai tabbatar da cewa zaruruwan cikinta sun fuskanci inda ake so ba, shi ya sa ake haɗa hanyoyin da aka ambata da zaburarwar lantarki. Ta biyar ta shafi hoto: an nuna cewa idan ƙwayar da aka dasa ta mutu, ƙwayoyin jiki masu share datti sukan haɗiye ƙarfenta su zauna a wurin, hoton ya ci gaba da nuna baƙi alhali facin ya mutu. A ƙarshe ya kamata a lura cewa gwaje-gwajen Osaka da Göttingen da aka yi a kan mutane ba su yi amfani da maganaɗisu ba. Ayyukan da aka bayyana a sashe na shida a faranti aka yi su ko a jikin dabbobi.

8.0 Inda Amfanin Ya Fi Kusa

Kafin ginannen nama ya zama faci a ƙirjin majiyyaci, yana da wani aiki da ya fi kusa, watau gwajin magunguna da nazarin cuta. An janye maganin mura da ƙaiƙayi mai suna tafenadin daga kasuwar Amurka a ƙarshen shekarun 1990, da maganin ciki mai suna sisafirayid a 2000, saboda suna rikita bugun zuciya. Zuciyar ɓera tana bugawa sau ɗaruruwa a minti, don haka ba kullum take nuna abin da magani zai yi wa mutum ba. Guntun naman mutum da aka jera shi daidai, wanda saƙon lantarki yake gudu a cikinsa kamar a zuciyar gaske, ya fi dacewa da wannan gwaji. A watan Disamba na 2022 Amurka ta yi dokar da ta cire wajabcin gwada kowane sabon magani a kan dabbobi, ta ba da damar amfani da irin waɗannan hanyoyi.

A nan ne batun ya shafi ƙasar Hausa. A shekarun 1970 Davidson da Parry suka bayyana yawan gazawar zuciya ga mata masu jego a Zariya, kimanin ɗaya cikin haihuwa ɗari, suka danganta ta da wankan jego da kunun kanwa. Binciken da Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta daga baya, wanda aka buga a 2020, ya tabbatar da yawan cutar a Arewa maso Yamma, amma ya fi danganta ta da rama da talauci da hawan jinin masu ciki. A wannan cuta tsokar zuciya gaba ɗaya ce take raunana, babu wani tabo guda da za a yi wa faci. Abin da ginannen nama zai iya bayarwa shi ne damar ɗaukar ƙwayoyin majiyyaciya a gina guntun tsokarta a faranti, a ga abin da yake raunana ta da abin da yake farfaɗo da ita.

9.0 Kammalawa

An ga cewa zuciya ba ta mayar da abin da ta rasa, ƙarfinta kuma ya dogara ne a kan yadda aka jera ƙwayoyinta aka murɗa zaruruwansu. Samun ƙwayoyin mutum ya sauƙaƙa tun daga 2007, jera su da balagar da su ne ya rage. Ɓarɓashin maganaɗisu yana ba da hanyar yin haka daga nesa, ko ta jan ƙwayar, ko ta jera tsaikonta, ko ta motsa naman bayan an gina shi, yana kuma daina aiki da zarar an janye fagen. Iyakokinsa su ne gubar ƙarfe, da raguwar ƙarfi saboda nisa, da rashin jijiyoyin jini a nama mai kauri. Ma'aunin da za a yi wa wannan dabara hukunci da shi a bayyane yake: ko za ta iya samar da nama mai kaurin milimita da yawa, mai karkata hawa-hawa, wanda zai rayu ya buga tare da zuciyar babbar dabba wata da watanni ba tare da ya rikita bugunta ba. Sai ta ƙetare wannan mataki za a yi maganar kai ta ga majiyyaci.